Ƙofa Ɗaya da Mai Zane Bai Toshe Ba

A layin teloli kowa ya san Mai Zane, amma in ka fita neman wanda zai ce maka yana ƙaunarsa, sai ka gaji ka nemi wurin zama. Shagonsa ne na ƙarshe kafin kwalbati, ɗan tsukuku, keken surfani na kwamfuta ya cinye rabi, tebur da kujera sun cinye sauran. Kujera ɗaya fa, ba biyu ba. Wanda ya kawo aiki a tsaye zai yi bayani, a tsaye zai ji ranar karɓa, ya kama gabansa.

Hannu kam Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Da fensir da takarda ya fara tun yana saurayi, yana zana wuyan riga da bakin hannu. Da keken kwamfuta ya shigo, sa'anninsa suka ce su sun tsufa da wannan, shi ya zauna ya koya da baƙin naci. Zane ɗaya sai ya ci masa makonni, yana ɗora ɗigo bayan ɗigo, yana nuna wa allura inda za ta shiga da inda za ta fita. Ganye ya naɗe reshe, reshe ya koma igiya, igiya ta ɓace cikin fure, ka rasa inda aka fara. Duk abin da ya zana a rayuwarsa yana cikin laftof guda, baƙa, tsohuwa, mai nauyin bulo. Waya ɗaya ce ta fito daga gefenta ta shiga keken, ta nan zane yake bi ya zama ɗinki.

Da can yana da mai taya shi aiki, ɗan yayarsa, saurayi mai sanyin hali wanda uwar ta kawo da hannunta ta ce a koya masa sana'a. Wata rana da hantsi wani mutum ya gifta ƙofar shagon, a wuyan rigarsa zanen Mai Zane sak, ɗinkin kuma na telan tsallaken titi. Duk layin an san yadda aka yi: telan tsallake ya ga rigar a jikin wani, ya ƙare mata kallo, ya je ya kwaikwaya da ido. Mai Zane ma ya sani. Sai dai telan tsallake ƙato ne mai baki, ɗan yaya kuwa yana kusa kuma ba ya ramawa.

Ya fito da shi tsakiyar titi, ya sa ya juye aljihunansa, ya cire riga, ya cire takalmi. Aka sami filas ƙarami, ɗan abin kwasar bayanai daga kwamfuta, a aljihun wando. Waƙoƙi ne a ciki, in ji saurayin, yana rantsuwa yana hawaye, amma ba wanda ya duba, don Mai Zane ya ɗora shi a teburin mai guga ya dandaƙe shi da dutsen guga. Daga ranar sunan saurayin na yanka ya ɓace. Filas ake ce masa. Ya bar layin, ya koyi gyaran kwamfuta a wata unguwa, ya yi aure, sunan ya bi shi har can, har yaransa ake ce wa 'ya'yan Filas.

A yammacin ranar da ya dandaƙe filas ɗin Mai Zane ya sayo gam mai ƙarfi, irin wanda ake like tankin mota da shi. Ya bi duk ramukan da ake sa filas a jikin laftof ɗin ya ɗura musu. Ya sa aka zare abin da take kama intanet da shi. Ya bi kan kusoshin bayanta ɗaya bayan ɗaya ya shafe, don kada wani ya kwance ta in ya fita fitsari. Ya kira wani ya sa mata katanga ta ciki, wadda ke hana kowace kwamfuta yi mata magana. Ramin wayar keke kaɗai ya bari, shi ma don ba yadda zai yi ne. Ya koma gida ya ci abinci har da ƙari, matarsa ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba.

Shekaru suka tafi. Idonsa ya fara hazo, hannun dama ya fara rawa in ya riƙe linzamin kwamfuta. Ya daina sabon zane, bai gaya wa kowa ba, tsofaffin yake juyawa, kuma sun ishe shi, don yawansu ya fi ƙarfin a gane. Da su yake ci, da su ake gaishe shi. In ba su, keken nan ƙarfe ne kawai da ya tare rabin shago.

Sai laftof ta fara ƙara. Ƙas, ƙas, ƙas, daga can cikinta, kamar ɓera yana gurgurar katako. Wata safiya ta ƙi tashi sai da ya kunna ya kashe har zufa ta keto masa. Ya rungume ta ya kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa. Mutumin ya saurari ƙarar, ya juya ta, ya ga gam ko'ina, ya tuntsire da dariya har ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani.

"Baba, rumbunta ne yake mutuwa, faifan da ke riƙe da komai," in ji shi. "In na fasa ta da ƙarfi in ciro shi, girgizar ma za ta iya ƙarasa shi. Ƙofa ɗaya ka bari. Sai a haɗa ta da wata laftof ta wannan ramin, a janye kayan a hankali. Ka bar ta nan, ka dawo jibi."

"In bar ta?" in ji Mai Zane. "Ashe ba ka da hankali."

Ya dawo da abarsa. Matarsa ce ta kai labari wurin yayarsa, uwar Filas, yayar ta aiko a kira shi. Ta tsufa tuƙuf, tana zaune a kan tabarma da ƙafafu a miƙe, ba ta ko amsa gaisuwarsa da kyau ba.

"Kai dai ba ka da mutunci, ba ka taɓa yi ba," ta ce. "Amma ciki ɗaya muka fito. Zan turo maka yaron gobe. Ba don kai zai zo ba, don ni zai zo. Ka riƙe bakinka."

Filas ya iso da hantsi, da jaka a kafaɗa. Ya zama magidanci, har da 'yar furfura a gemu. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Kawu, ina kwana." Mai Zane ya ce, "Lafiya," yana kallon jakar, ba fuskar ba. Bai ce ya zauna ba, ai kujera ɗaya ce. Filas ya jawo kwalin zare ya ɗora tasa laftof ɗin a kai, ya tsuguna a ƙasa.

Ya zaro waya sabuwa daga jaka. Mai Zane ya ɗaga hannu.

"Ba za a sa mata wayar da ban sani ba."

"Kawu, waya ce kawai. Ba komai a cikinta sai jan ƙarfe."

"To ka riƙe jan ƙarfenka. Ga ta keke nan, da ita ta saba."

Filas bai ja ba. Ya zare wayar daga keken, ya sa bakin a tasa laftof. Ya ce akwai 'yar fitila a bakin ramin, in waya ta kama za ta yi kore. Suka zuba ido, shiru. Ya zare, ya hura, ya mayar, shiru. Ya duba kan wayar, ya ga ɗan maƙallin ya karye tuntuni, da tsinken ashana Mai Zane yake tokare shi. Ya ciro abin matsewa ya yanke tsohon kan, ya jera siraran wayoyin ciki launi bayan launi, ya matse sabo. Mai Zane ya ɗauke tsohon kan daga ƙasa ya sa a aljihu. Aka sake gwadawa, fitila ta yi ƙyal ta mutu.

"Kawu, ara mini allura."

Ya haska ramin tsohuwar laftof da fitilar wayarsa ta hannu. Ƙurar zare ce ta shekara da shekaru ta dunƙule a ciki ta zama kamar auduga. Ya dinga zaƙulowa da bakin allura, Mai Zane ya sunkuyo a kansa har numfashinsa na dukan wuyan Filas. Da aka mayar da waya, fitila ta kama kore ta tsaya. Zuciyar Mai Zane ta yi sanyi, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ba ni allurata."

Ya ɗauka an gama, ashe ba a fara ba. Waya ta kama, amma kwamfutocin ba su ga juna ba. Filas ya ce kowace tana da lamba, kamar lambar gida. Wanda ya haɗa keken ya ba tsohuwar laftof ɗin lamba ta dindindin, tasa kuwa tana jiran a ba ta, ba mai ba ta. Dole sai ya ga lambar tsohuwar, ya ba tasa ta kusa da ita a layi ɗaya. Ya miƙa hannu zai taɓa, Mai Zane ya buge hannun kamar na yaron da ya kai wa tukunya.

"Faɗa mini, ni zan danna."

Haka aka yi. Magidanci da iyalinsa ya tsaya da hannu a baya yana cewa danna nan, a'a Kawu, na ƙasansa, koma baya. Tsoho da idon hazo yana dannawa ba daidai ba yana zagin mai faɗa. Kuma duk wannan lokaci rumbun yana ƙas, ƙas. Filas ya ce a hankali, "Kawu, kowane minti da muke ɓatawa daga ranta ake cirewa. Ban da tabbacin in ta mutu yau za ta sake tashi." Mai Zane ya ce tsoratarwa ce irin ta masu gyara, ya san su.

Aka ga lamba, aka sa. Filas ya buɗe wani baƙin allo a tasa ya rubuta abu, ya ce ƙwanƙwasa ƙofa yake yi, in ta ji za ta amsa. Ba ta amsa ba. Ya sake, ba ta amsa ba. Ya shafa gemu, sannan ya tambaya ko an taɓa sa mata katanga.

"An sa. Mai ƙarfi ma kuwa. Saboda ɓarayi."

Ya faɗi kalmar yana tsare shi da ido. Filas ya haɗiye ta kamar yadda ya saba.

"Sai an sauke ta, Kawu. Na ɗan lokaci."

Mai Zane ya ji kamar an ce ya tuɓe a kasuwa. Ya tashi ya leƙa waje, ya dawo, ya zauna, ya sake tashi. Ƙarar ce ta mayar da shi kujera. Ya danna inda aka nuna masa. Filas ya sake ƙwanƙwasawa, farin rubutu ya fara saukowa layi-layi. Ta amsa.

Saura kalmar sirri, ita kuma a laftof ɗin Filas za a rubuta ta. Nan aka yi abin da mai guga, da ke leƙe ta taga, ya ba da labarinsa har ya gaji. Mai Zane ya sa Filas ya juya ya fuskanci bango ya rufe ido. Ya yafa ƙyalle a kan hannuwansa da madannan, ya tsuguna yana laluben haruffa a ƙarƙashi. Ya kuskure, ya sake, ya kuskure. Da ta shiga, maimakon ya yi murna sai ya fara tunanin ai yanzu injin Filas ya haɗiye ta.

Jakunkunan zane suka bayyana a allon Filas, reras.

"Kawu, waɗanne ne suka fi muhimmanci? Mu fara da su, ko da za ta tsaya a hanya."

"Don ka san na sayarwa ko? Kwashe yadda suka zo."

Ya kwasa yadda suka zo. Wani koren layi ya fara tafiya a allon, a hankali kamar tururuwa ta ɗauko abin da ya fi ta. Filas ya karkato fanka ya saita ta a kan tsohuwar laftof, ya ce kada a taɓa teburin, kada a motsa ta, ko tari a yi shi nesa. Azahar ta wuce. Layin ya kai rabi, ya wuce rabi. Matar Mai Zane ta aiko da abinci kwano ɗaya, ya juya baya ya cinye, bai ce bismilla ba.

Da ya ƙoshi sai ya zauna yana kallon allon Filas. Kowane zane in ya ƙetara sai ɗan hotonsa ya fito. Ga ganyen da ya zana shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari. Ga igiyar da ta ci masa wata guda. Ga furen da ba wanda ya taɓa gane inda ya fara. Suna fita ɗaya bayan ɗaya daga inda ya kulle su suna shiga injin wani, injin da ramukansa duk a buɗe suke. Ya san ceto ake yi, an gaya masa, ya kuma yarda. Amma idonsa abin da ya saba gani yake gani, sata.

Koren layin ya kusa ƙarshe sai ga telan tsallake, ya ji labari a bakin mai guga ya zo gaida Filas. Ya tsufa shi ma, bakin dai yana nan. Ya tsaya a ƙofa ya miƙo wuya ta kan kafaɗar Filas.

"A'a, Filas, kai ne a layinmu? Kai, wannan furen ya yi kyau." Ya yi dariya ya dafa shi. "Ashe yanzu duk suna wurinka. To sai mun zo."

Wasa yake yi, kowa ya san wasa ne, har mai guga ya yi dariya. Ban da Mai Zane. Ya miƙa hannu ya ɗauki babban almakashin yanka yadi, ya kama wayar ta tsakiya, ya datse.

Fitila ta mutu. Ya fizgo laftof ɗinsa daga tebur, ya rufe murfin da ƙarfi, ya matse ta a ƙirji.

"Dama na sani," ya ce. "Tare kuka shirya. Shekara nawa kana jiran wannan ranar?"

Filas yana tsugune bai motsa ba. Mutanen layi suka fara taruwa a ƙofa, wasu ma su ne suka tsaya kallo ranar da aka tuɓe shi a titi.

"Goge su. Duk abin da ya shiga injinka, goge shi a gabana."

"Kawu, buɗe taka ka gani tukuna. In ta tashi, sai in goge."

"Wayo za ka yi mini? Goge."

"Kawu, ka buɗe ta."

"Ka ji ɓarawo yana ba ni umarni. Halinka ne, tun kana yaro. Uwarka ma ta sani, kunya ce ta hana ta faɗa."

Filas ya ɗago ya kalle shi, karo na farko tun safe. Bai sake roƙo ba. Ya zaɓi jakunkunan duka ya goge. Mai Zane ya ce ya zubar da kwandon sharar injin ma, ai ya san nan suke ɓoyewa. Ya zubar. Mai Zane ya ce ya ji ana cewa masu gyara suna dawo da abin da aka goge, shi ba yaro ba ne.

"Gaskiya ne, ana dawowa da shi," in ji Filas. "Akwai gogewar da ba ta dawowa. Ita kake so?"

"Ita nake so."

Wannan ta ɗauki lokaci. Wani layin ya sake tafiya a allon, Mai Zane ya tsaya a kansa har ya kai ƙarshe, da jama'a a ƙofa suna shaida. Filas ya rufe laftof ɗinsa, ya tattara kayansa a jaka, ya durƙusa ya ce, "Kawu, na tafi." Mutane suka buɗa masa hanya, ba wanda ya kira shi da sunan a wannan karon.

Mai Zane ya kore su, ya ja ƙofa, ya zauna a kujerarsa da nasara a fuska. Ya buɗe laftof ya danna. Ƙas, ƙas, ƙas. Allo baƙi. Ya kashe ya kunna. Ƙas, ƙas. Ya hura mata iska, ya juya ta, ya yi mata magana. Kafin la'asar ta yi sanyi ƙarar ma ta daina.

Ya kai ta wurin mai gyaran bakin kasuwa, wannan karon ya ce a fasa ta. Aka fasa ta da guduma da kurfi, aka ciro rumbun, aka gwada shi a injin nan da injin can. Mutumin bai yi dariya ba, ya dai miƙo masa shi a leda.

Keken yana riƙe zane ɗaya a cikin kansa, na ƙarshe da aka tura masa. Bajon wata makarantar yara ne, littafi a buɗe da tauraro a sama, aikin da ya karɓa yana tsaki. Shi kaɗai ya rage. Masu kawo wuyan riga suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka tsallaka titi. Ya gwada zama da fensir, hannun ya ƙi, layi ya fito kamar sawun kaza. A gida ya ce wa matarsa Filas ne ya lalata masa inji da gangan. Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ya daure har ya kasa. Wata safiya ya sa rigarsa mai kyau, ya tambayi hanya, ya tafi shagon Filas a ɗaya unguwar. Shago ne mai haske, da benci na masu jira. Filas ya taso da sauri ya tarbe shi, ya ba shi kujerarsa, ya kawo masa ruwa mai sanyi. Mai Zane ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yara, ya tambayi jikin yaya. Da ƙyar maganar ta fito.

"Na ce ko akwai abin da ya maƙale a injin naka. Ko guda ɗaya."

"Babu, Kawu. Ai a gabanka aka yi."

"Ku masu gyara ba ku rasa dabara."

"Ka ce wadda ba ta dawowa. Ita na yi."

Ya faɗa ba fushi, ba murmushi. Mai Zane ya zauna da kofi a hannu. Ya so ya ce wani abu, kalmar da bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma bakin bai san hanyarta ba. Ya miƙe.

"Tsaya, Kawu."

Filas ya jawo aljihun tebur ya ciro wani abu a naɗe, ya miƙa masa da hannu biyu. Rabin wayar keke ce, da sabon kan da ya matse mata, ɗaya bakin da sawun almakashi.

"Ta biyo ni a jikin injina ranar, ban lura ba sai da na iso. Taka ce. Kada a ce na ɗauke maka wani abu."

Mai Zane ya karɓa ya sa a aljihu. Filas ya raka shi har bakin titi, ya tsayar masa da abin hawa, ya koma wurin masu jiransa.